Yadda ake ɗaukar hoton taurari a kan tafkin dutse, da daren da ya dace a ƙasarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi bayani a kan wani fanni na ɗaukar hoto da matasa ke yawan tambaya a kansa: yadda ake ɗaukar sama da dare a kan tafkin da ke cikin duwatsu, taurari a bisa, inuwarsu kwance a kan ruwa. Irin waɗannan hotuna sun cika Facebook da Instagram, kusan dukansu daga Turai ko Amurka, har wasu suka ɗauka sai ƙasar da ake dusar ƙanƙara ake samunsu. Alhali ga wuraren nan a kusa da mu. Akwai tafkin Pidong a ƙaramar hukumar Mangu ta jihar Filato, inda ruwa ya taru a bakin tsohon dutse mai aman wuta. Akwai tafkin Tila a tsaunukan Biu, akwai kuma tafkin Tison a gefen Ngaundere ta Kamaru. Abin da ke kayar da yawancin masu gwadawa shi ne bin jadawalin da aka tsara wa wata ƙasa. Sai mutum ya fita a daren da sama ba ta da abin ba shi, ya dawo ya ɗora wa kyamara laifi.

Saboda haka da lokaci za mu fara. Farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama kamar an barbaɗa gari, wadda Larabawa ke kira Majarra, ba ko'ina take da kauri ɗaya ba. Inda ta fi haske yana daf da wutsiyar taurarin Kunama, tsakanin manzilolin da malaman hisabi ke kira Shaula da Na'a'im. Shi ne abin da kowa ke nema a hoto. A Ingila wannan ɓangare da ƙyar yake ɗagowa digiri 10 daga ƙasa, amma a Filato yana hawa har digiri 50 da ɗoriya ta kudu. Don aunawa, miƙe hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen ya kai kimanin digiri 10, ke nan dunƙule biyar. Wannan rabo ne da Allah ya ba mazauna kusa da tsakiyar duniya.

Matsalar ita ce watannin da littattafan waje ke yabawa, Yuni zuwa Agusta, su ne tsakiyar daminarmu, gajimare ya rufe ko'ina. A Disamba da Janairu kuma rana ce ke zaune a wannan ɓangare na sama, ba a ganinsa ko kaɗan. Hunturu ma yana zuwa da ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi, wadda ke cinye taurarin da ke ƙasa-ƙasa, ta kuma baza hasken gari a sama har hoto ya fito ja-ja kamar an jiƙa shi a ruwan kunu. Ga hayaƙin ƙunar daji a kai. Abin da ya rage mana taga biyu ce. Ta farko daga Afrilu zuwa tsakiyar Mayu, a daren da ya biyo bayan ruwan farko, lokacin da ruwa ya wanke ƙura amma hadari bai zauna ba. A ƙarshen Afrilu ɓangaren mai haske yana ɓullowa ta kudu maso gabas wajen ƙarfe 10:30 na dare, ya kai dunƙule biyu da ƙarfe 12, dunƙule uku da ƙarfe 1, ya tsaya cak a kudu wajen ƙarfe 4. Taga ta biyu ita ce Oktoba, da ɗaukewar ruwa. A lokacin yana kudu maso yamma, yana gangarawa, kuma abin da kake da shi daga bayan sallar Isha'i ne zuwa wajen ƙarfe 9. Iskar Oktoba ta fi kowacce tsabta, sai dai lokacin gajere ne kuma raɓa ta fi yawa.

Ba sai ka nemi manhaja ba kafin ka san lokacin cikakken duhu. Yana farawa wajen shigar Isha'i, ya ƙare da ketowar alfijir. Da ladan ya kira Asuba, shuɗi ya fara shiga hoto ko da idonka bai gani ba tukuna.

Sai wata. A nan mai lissafi da kwanan watan Musulunci ya riga kowa, domin kwanan wata shi ne jadawalin. Kullum wata yana jinkirta fitowa da faɗuwa da kimanin minti 50. Ga mai aikin tsakar dare a Afrilu da Mayu, dararen da suka dace su ne daga 27 ga wata zuwa 7 ga sabon wata. Ga mai aikin bayan Isha'i a Oktoba, daga 19 ga wata zuwa ƙarshensa, domin wata bai fito ba tukuna. Daga 11 zuwa 17 kuwa ka zauna a gida, farin wata ya shafe Majarra. Daren 6 ko 7 ga wata a bazara yana da wata fa'ida da ba kowa ya lura da ita ba: wajen ƙarfe 11 wata yana yamma yana shirin faɗuwa, haskensa mai laushi yana sauka a kan duwatsun da kake fuskanta. Ɗauki hoton duwatsun a lokacin, ka bar kyamara a inda take ba tare da ka taɓa ta ba, ka jira wata ya faɗi, sannan ka ɗauki sama.

Yanzu ga ruwan kansa, inda aka fi yin kuskure. Ruwa ba madubi ba ne. In ka leƙa shi daga sama kai tsaye, kashi 2 cikin 100 kawai na haske yake mayarwa. Tauraron da ke digiri 30 a sama, ruwa na mayar da kusan kashi 6 na haskensa. Wanda ke digiri 20, kashi 13. Wanda ke digiri 10, kusan sulusi. Wato iya kusancin tauraro da ƙasa, iya ƙarfin inuwarsa a ruwa. Wannan ya sa wanda ya tsaya a kan ganuwar dutse yana kallon tafki a ƙasa yakan samu baƙin faifai kawai babu ko ɗigo. Dole a sauka bakin ruwa, a kafa kyamara ƙasa-ƙasa, kamar kamu ɗaya ko biyu daga fuskar ruwan. Tafkin bakin dutse yana da nasa wahalar: bangon da ke tsallake yana tare taurarin ƙasa, waɗanda su ne masu inuwa mai ƙarfi, sai inuwar bangon ta maye gurbinsu. Don haka je da rana ka zagaya, ka nemi gefen da bangon tsallake ya fi gajarta, ka auna shi da dunƙule. In ya haura dunƙule biyu, kada ka sa rai da Majarra a ruwa, manyan taurari kaɗai za su fito. Tunda abin da ake nema yana kudu, wurin tsayawa shi ne gaɓar arewa. A Pidong wannan ya yi daidai, domin hasken Jos yana bayanka.

A farkon Mayu, wajen ƙarfe 10 na dare, taurarin nan masu siffar gicciye da ke jikin tutar Ostareliya suna tsaye a kudu, tsakanin digiri 18 da 24, da wasu manyan taurari biyu a hagunsu. Ga haske, ga su ƙasa-ƙasa, kusan babu abin da ya fi su kyau a kan ruwa, kuma mai ɗaukar hoto a Landan ko Faris ba zai taɓa ganinsu daga gida ba. A ganinmu sun cancanci a ba su dare guda nasu na kansu.

Iska kuma ko kaɗan ce tana ɓata aiki. Ƙaramar igiyar ruwa tana ja wa kowane tauraro jela a tsaye, in ta ƙaru inuwar ta narke gaba ɗaya. Ruwa ya fi kwanciya tsakanin ƙarfe 3 da alfijir, amma a lokacin Majarra ta yi sama, inuwarta ta raunana. Nan sai ciniki: ka fara ɗauka tun ƙarfe 12, ka sa ido a kan inuwar babban tauraro guda, duk lokacin da ta daina rawa ka danna. Kada ka shiga ruwan, kada wani ya wanke hannu a kusa, domin taku ɗaya yana aika zobe da zai ɗauki minti guda ko fiye kafin ya mutu. Gab da Asuba, in iska ta fi ruwa sanyi, tururi yana tashi a fuskar tafkin. Yana ƙara wa hoto kyau, amma yana rufe inuwar taurari, saboda haka ka gama da inuwa kafin ya taso.

Kayan aiki ba su da yawa. Kyamarar da ke da saitin M, wato wanda mutum ke saita komai da hannunsa, gilashi mai faɗin gani, ƙafa-uku mai ƙarfi, batir biyu ko uku domin sanyin dutse yana shanye caji, da tocila mai jan haske. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, farar tocila ko fuskar waya kuwa tana rusa wannan nan take. In babu jar tocila, ɗaure jar leda ninki biyu a kan wadda kake da ita. Ƙaramin gilashin nan na 18-55 da ake sayar da kyamara da shi ya isa a fara. Cire duk wata matatar gilashi da ke gaba, musamman mai kashe ƙyalli, domin aikinta ke nan ta kashe inuwar da ka zo nema, ta kuma cinye fiye da rabin haske.

Ga saiti. Sa kyamara a M, hoto a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, kashe mai hana girgiza, wanda Nikon ke rubutawa VR, Canon kuma IS, domin a kan ƙafa-uku shi da kansa yakan jawo motsi. Buɗe ƙofar haske iyakarta, wato lambar f mafi ƙanƙanta, f/3.5 a gilashin 18-55, ko f/2.8 in kana da shi. Gilashin f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5, amma a buɗe sarai yakan mayar da taurarin kusurwa kamar 'yan tsuntsaye masu fiffike. Rage shi zuwa f/2.2 ko f/2.5 su dawo ɗigo. Launi kuma kada a bar wa kyamara ta zaɓa, a sa shi tsakanin 3800 da 4000 a ma'aunin K.

Tsawon buɗe shata, wato sakan nawa kyamara za ta yi tana shan haske, shi ke buƙatar lissafi, domin duniya tana juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma kyamara tana ganin wannan motsi. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a raba 500 da tsawon gilashi, wato lambar milimita da ke rubuce a jikinsa. A ƙananan kyamarori, wato masu ƙaramin farantin ɗaukar haske a ciki, ana fara ninka tsawon da 1.5, ko 1.6 a Canon: milimita 18 ta zama 27, a raba 500 da 27 a samu sakan 18. Amma ƙa'idar ta zamanin fim ce. A kyamarar yau mai ɗigo miliyan 24, tauraro yana tsallake ɗigo ɗaya a kusan kowane sakan 3, don haka a sakan 18 ya zama ɗan tsinke. Yi amfani da 300 a madadin 500: za ka samu sakan 11, sai ka zaɓi 10 ko 13, da ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 3200 zuwa 6400. A babbar kyamara da gilashin milimita 14 a f/2.8, sakan 20 da ISO 3200. Sa jinkirin sakan 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Rage hasken allon baya zuwa ƙasa, domin a cikin duhu allo yana yaudara, hoton da ka gani tas da dare sai ka tarar da shi baƙi ƙirin da safe. Duba jadawalin haske mai siffar tudu: tudun ya rabu da bangon hagu, ya zauna wajen rubu'i ko sulusin faɗin.

Saitin gani shi ya fi lalata dare. Kyamara ba ta iya saita kanta a duhu, kuma alamar nesa da ke jikin gilashi ba abin dogaro ba ce. Mayar da shi MF, wato saitin gani da hannu, nemi tauraro mafi haske a allon baya, ƙara girmansa sau 10, ka juya zoben a hankali. Zai kumbura kamar ƙwallo, ya tsuke, ya sake kumbura. Inda ya fi ƙanƙanta nan ne daidai, kuma a nan ne ƙananan taurarin da ke kewaye za su ɓullo kwatsam. Manna salatif a kan zoben. Duk bayan rabin awa ka sake dubawa, domin sanyi da taɓawar hannu suna gusar da shi. Inuwar tauraro a ruwa nisanta ɗaya da tauraron, saboda haka kada ka saita gani a kan fuskar ruwa. Ciyawa ko dutsen da bai kai nisan mita 5 ba daga gilashin 18 a f/3.5 zai fito dishi-dishi, sai dai a yi masa hoto dabam.

Raɓa kuwa shiru take zuwa. Gilashin da ke kallon sama yana yin sanyi fiye da iskar da ke kewaye da shi, a bakin tafki kuma iska cike take da laima. Alamarta ita ce manyan taurari su fara yin rawani, ƙanana su ɓace ɗaya bayan ɗaya. Gogewa ba ta magani, minti biyar ta dawo, ga kuma saitin gani ya gushe. Maganin shi ne ɗamarar ɗumama gilashi da ake jonawa da fawa banki, a ɗaura ta tun kafin raɓa ta sauka. In babu, sa hular gilashi ka ƙara mata tsawo da baƙin kwali, amma ka duba kada ta shigo kusurwar hoto. Ƙafa-uku ma tana da nata cin amana a bakin ruwa: tana nutsewa a laka kaɗan-kaɗan, hotunanka su ƙi haɗuwa daga baya. Danna kowace ƙafa har ta tsaya a kan abu mai tauri ko ka shimfiɗa mata fallen dutse, kuma kada ka zaro sandar tsakiya.

Hoto guda a ISO 6400 yana fitowa da tsaki-tsaki. Ana rage shi da tarawa: ɗauki hotuna 16 a jere ba tare da canza komai ba, tsakin zai ragu sau huɗu in an haɗa su, hotuna 9 kuma sau uku. Kashe saitin rage tsaki na dogon ɗauka, domin yana ninka lokacin jira tsakanin hoto da hoto. A madadinsa rufe gilashi da murfi a ƙarshe ka ɗauki baƙaƙen hotuna 10 da saiti ɗaya, waɗanda manhajar tarawa za ta yi amfani da su wajen cire tsaki. Manhajar Sequator ta kyauta ce a kwamfuta mai Windows, tana daidaita taurari ta bar ƙasa a tsaye. Amma ga tarko: tana ɗaukar tafki a matsayin ƙasa, alhali taurarin cikinsa suna tafiya, sai inuwarsu ta fito zare-zare. Ko dai ka ɗauko ɓangaren ruwa daga hoto guda mafi kwanciya, ko ka kifar da hotunan duka ka sake tara su, ruwan ya zama shi ne sama. Duwatsu kuma a ba su nasu hoton, minti 2 zuwa 4 a ISO 1600, daga wuri ɗaya.

Mai waya ma yana da rabo. Google Pixel tana da saitin taurari da ke ɗaukar kusan minti 4 in an kafa ta ba motsi, iPhone tana kai sakan 30 a saitin dare a kan ƙafa-uku, wayoyi da yawa kuma suna da saitin Pro inda za ka sa ISO 1600 zuwa 3200 da sakan 15 zuwa 20. Sama za ta fito. A ruwa kuwa manyan taurari kaɗai. Manhajar Stellarium tana nuna maka inda kowane tauraro zai kasance a daren da ka zaɓa, tun kana gida.

Wanda ya rasa tagogin nan biyu yana iya juyawa arewa daga gaɓar kudu. Tauraron arewa yana digiri 9 kacal a Filato, don haka in bangon tsallake gajere ne, hotuna 120 na sakan 30 kowanne, da tazarar sakan 1, za su ba ka awa guda ta bakan taurari suna kewaye shi, da irinsu a kife a cikin ruwa.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce, Edita, kuma muna roƙon kada a yanke ta in fili ya yi kaɗan. Wasu daga cikin yankunan nan sun sha fama da tashin hankali. Baƙon da aka gani da tsakar dare yana kafa ƙarfe mai ƙafa uku a kan dutse, ba kowa zai yi tunanin kyamara ba. A je da rana a gaida mai gari, a faɗi abin da ya kawo mutum, a sanar da jami'an tsaro da 'yan banga, a ɗauki ɗan gari a biya shi haƙƙinsa. In suka ce ba a zuwa da dare, magana ta ƙare. Da yawa daga tafkunan nan suna da alfarma a wurin mutanen da ke zaune kusa da su, akwai gefen da ba a takawa, kuma su ne za su nuna maka. Gangaren bakin dutse yana da santsi da tsakuwa mai zamewa, a bi hanyar da aka gani da rana. A sa takalmi mai rufi saboda maciji da kunama, a guji tsoma ƙafa saboda tsargiya, a tafi da rigar sanyi ko da bazara ce.

Roƙonmu gare ka biyu ne. Na farko, ka buɗe wa masu karatu fili su riƙa aiko da hotunan dare na tafkuna da duwatsunmu. Na biyu, duk hoton da za a buga a rubuta a ƙarƙashinsa wurin da aka ɗauka, kwanan wata na Bature da na Musulunci, ƙarfe nawa, da saitin kyamara, a kuma faɗa in an haɗa shi daga hotuna da yawa. Haɗa hotunan da aka ɗauka a wuri ɗaya a dare ɗaya aiki ne halal. Ɗauko saman wata ƙasa a liƙa a kan tafkinmu, ko a kifar da sama a ce inuwa ce, wannan ha'inci ne, kuma mai tace hotunanka zai iya kama shi: inuwar gaskiya kullum ta fi sama duhu, tana ƙara raunana in ta matso kusa da mai ɗauka, taurarinta kuma suna da ɗan tsawo a tsaye. In ya ga ruwa da sama haskensu ɗaya, ɗigo da ɗigo, to ya ajiye hoton ya nemi ainihin fayil ɗin RAW kafin a buga.

Wassalam.

Naka,
wasu masu ɗaukar hoton dare, daga Jos.